Fanko Tara a Rajistar Baba

Baba ba mahaifina ba ne. Abokin mahaifina ne tun suna yara a Fakku, kuma da mahaifina ya rasu, shi ya zuba takarduna a jakarsa ya yi ta yawo da su har na sami aiki. Aikin kuwa a inda yake ne, ofishin wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a Tambuwal, wadda ke tattara bayanan haihuwa da rigakafin yara daga ɗakunan shan magani na karkara, tun daga nan har cikin ƙasar Kebbe. Shi ne akawun ajiyar fayil. Ni kuma aka ɗauke ni in kula da kwamfuta, don na yi kwas na wata tara a Sakkwato, na dawo ina ɗaga hanci kamar ni na ƙera ta. Tun ranar da na fara aiki ya laƙaba mini Injiniya, kuma har yau ban san ko yabo ne ko tsokana ba.

Abu ɗaya Baba yake alfahari da shi a duniya, kuma ba ya ɓoyewa: ya haura shekara talatin yana riƙon fayil a ofisoshi daban-daban, takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ba shi da mota, gidansa na ƙasa ne, babbar rigarsa ta Juma'a guda ɗaya ce tun ina yaro. Amma in aka zo maganar takarda, sai ka ga ya gyara zama.

Yana da wata rajista mai baƙin bango, doguwa, wadda shi da kansa yake ja wa layi da rula. Kowace Alhamis zai bi durowa ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da bangon fayil da ba komai a ciki da kwafin da gara ta cinye, ya zauna ya rubuta sunan kowanne da lambarsa da duk abin da ke jikinsa, harafi bayan harafi, sannan ya kai bayan ofis ya ƙone, mai gadi na tsaye a matsayin shaida. Rajistar ba ta kwana a ofis. Tana cikin jakarsa, ko masallaci zai je.

Na sha yi masa dariya a kan haka. Wata rana na ce, "Baba, fanko ma sai an yi mai rajista?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Da suna yash shigo, Injiniya. Da suna shika fita."

Kwamfutar da nake kula da ita ba irin ta kan tebur ba ce. Babba ce, tsayinta ya kai ƙaramin firij, ita ke riƙe da bayanan duka, sauran na ofis daga gare ta suke ɗiba. Ta hannu aka ba ƙungiyar, kuma waɗanda suka kafa ta sun daɗe da tafiya, ba mai lambar wayarsu. Tsarin Yuniks take amfani da shi: ba hoto, ba abin latsawa, sai baƙin allo da rubutu, ka buga umarni ta bi. Ba ta tambayar ko ka tabbata. Baba yana kiranta Tsohuwa, yana kuma gaishe ta da safe in ya wuce ƙofar ɗakinta.

Dole in ɗan bayyana cikinta, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Faifan ajiyarta an haɗa shi rukuni guda, rukunin tushe, sannan aka raba shi kamar gida mai ɗaki huɗu. Ɗaki ɗaya na abin da take tashi da shi ne in an kunna ta, ɗaya na tsarin aikinta, ɗaya na bayanan yara, ɗaya kuma na wucin gadi, inda take zubar da aikin da ya yi mata yawa, tana rubutawa tana gogewa ba ta duba abin da ke ƙasa. Kowane ɗaki yana da ƙofa biyu, ga kuma babbar ƙofar gidan, tara ke nan. Ƙofofin nan wasu 'yan fayiloli ne a wata folda mai suna vg00. Ba komai a cikinsu. Suna ne kawai da lambobi, kuma lambar ce ke nuna wane ɗaki sunan yake buɗewa.

A shekarar da nake ba da labari, idon Baba ya fara rauni, ya riga ya gaya wa shugabar ofis, wadda muke kira Hajiya, cewa ƙarshen watan Agusta zai ajiye aiki ya koma Fakku. Sai kuma ya dage shi lalle sai ya koyi Tsohuwa kafin ya tafi, wai kada a ce ya zauna da maƙwabciya shekaru bai san harshenta ba. Na koya masa umarni uku: yadda ake shiga folda, yadda ake jero abin da ke ciki, da yadda ake sharewa. Yana bugawa da yatsa ɗaya, yana karanta kowane harafi a fili kafin ya danna. Ni kuwa ba ni da haƙuri ko kaɗan, in ya yi jinkiri sai in karɓe in buga da kaina, shi kuma ya yi murmushi ya ce in mayar masa.

Saura mako biyu ya tafi, aka kira ni Sakkwato, ƙanwata ta haihu. Daidai lokacin Tsohuwa tana ta ƙorafin wuri ya cika mata. Ina sauri, ina ɗaure jaka a babur, na rubuta wa Baba kalmar sirrin babban mai iko, wadda ke buɗe komai ba shinge, na ce masa, "Baba, in ka samu sarari ka share tsofaffin rahotanni da duk fankon da kag gani." Ban ce a wace folda ba. Na zaci ya sani, ko kuma gaskiya ban yi tunanin komai ba, hankalina na wurin suna.

Ranar Litinin da safe na dawo. Kwana uku ana ruwa, sama a rufe. Na shiga ɗakin Tsohuwa na same ta tana gurnaninta kamar kullum, ma'aikata na ta shigar da bayanai, komai lafiya. A kan teburina akwai 'yar takarda da rubutun Baba mai kyau kamar na bugawa: ya share tsofaffin rahotanni, ya kuma sami fanko tara ya share, duka suna cikin rajista, shi ya ɗauki hutun kwana uku ya tafi gona. Har na yi murmushi. Sai na buga umarnin da nake duba lafiyar faifai da shi duk Litinin. Ta ce ba ta san wannan rukuni ba. Na sake bugawa, na ɗauka yatsana ne ya kauce. Ta maimaita. Na shiga vg00 na ce ta jero mini abin da ke ciki, ta dawo mini da layi wayam.

Na zauna a kan kwalin takarda. Abin da ya sa ba wanda ya lura shi ne, duk aikin da ya riga ya shiga ɗakunan tun ƙofofi na nan yana ciki yana ta yi. Matsalar tana ranar da wuta ta ɗauke. In Tsohuwa ta mutu ta zo tashi, za ta nemi ƙofa ta tarar da bango. Mu kuwa wutarmu ta sola ce, baturan sun tsufa, rana ba ta fito ba kwana uku, allurar na can ƙasa.

Akwai wani abin da ya fi wannan muni, shi kuma nawa ne ni kaɗai. Na'urar da ke kwafe komai a kaset don irin wannan rana ta lalace tun kafin azumi, kullum ina cewa gobe. Na kwafe abin da zan iya a filashi, amma manhajar da ke karanta bayanan a cikin Tsohuwa take, ba mu da faifan sake ɗora ta. In ta tafi, an tafi da tarihin rigakafin yaran ƙauyuka da yawa, waɗanda katinsu na gida ruwa ko gara sun daɗe da cinyewa. Kuma takardar da ke kan teburina, da hannun Baba, tana cewa shi ya share. Saura kwana goma da 'yan kai ya fita da sunansa fes.

Na duba a waya, na sami masu irin wannan inji suna bayani. Ana iya sake ƙera ƙofofin da wani umarni mai suna mknod, muddin ka san ainihin sunan kowace da lambobinta. Yau da na ƙara sani, na san akwai hanyar tono lambobin daga injin kansa tun yana kunne. A ranar ban sani ba, kuma ban san wanda zan tambaya ba. Na kira Baba sau bakwai, wayarsa a kashe, a Fakku sai ka hau tudu kake samun sabis. Lambobin suna wuri ɗaya a duniya, cikin jakarsa.

Na je wurin mai gadi, dattijo ne mai jin magana sau ɗaya. Na ce ya tayar da janareto, in ya yi zafi ya kashe ya bar batura su riƙe na ɗan lokaci, ya ƙara mai ya sake tayarwa, kada wutar ɗakin can ta ƙifta ko da ginin zai rushe. Ya dube ni ya ce, "To." Hajiya kuma na gaya mata rabin gaskiya, cewa injin na da 'yar matsala, akwai lambobin da zan karɓo wurin Baba. Ta kalle ni ta saman tabarau ta daɗe, sannan ta ce in sa rigar ruwa.

Hanyar Kebbe da damina wanda ya sani ya sani. Inda kwalta ta ƙare taɓo ya karɓa. Sau biyu na sauka na tura babur, sau ɗaya na faɗi a gefen wata fadama, wandona ya koma kalar ƙasa. Duk tsawon tafiyar faɗa nake yi da Baba a cikin raina. Na shirya jawabi mai kai da ƙafa: wa ya aike ka can, abin da ba ka sani ba me ya sa ba ka bari ba, ga shi ka ja mana. Na gyara jawabin ya fi sau goma, kowane gyara ya fi na baya zafi. Sau ɗaya kawai wata murya ta ce mini, kai fa ka ba shi kalmar sirri, na murɗa totur don kada in ji ta.

Na wuce Kebbe hantsi ya yi, na isa Fakku gab da azahar. A gida aka ce yana gona. Na same shi a cikin dawa yana maimai, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ɗaura tsohon rawani, kalme, fartanyarsa ta noma, a hannu. Jakar tana rataye a reshen wata ƙirya, an sa ta cikin leda saboda yayyafi. Da ya hango ni fuskarsa ta washe gaba ɗaya, ya yar da kalme ya taho yana dariya.

"Injiniya! Mi ya kawo ka cikin ruwan ga? Lafiya ɗai? Ya mai jego? Mace ta ko namiji?"

Jawabina duk ya zube. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi labarin jariri, ya yi addu'a mai tsawo, ya tambayi kowa da kowa har da ragon suna. Sai da ya gama ya kalli wandona, ya kalli fuskata.

"Ba gaisuwa ta kawo ka ba."

Na ce, "Baba, fankon nan tara da kash share, ba fanko ba na. Ƙofofin Tsohuwa na."

Na yi masa bayani kamar yadda na yi a sama, ɗaki huɗu, ƙofa tara. Yana saurare bai katse ni ba. Da na kai wurin cewa in wuta ta ɗauke shi ke nan, sai ya nemi kunyar dawa ya zauna, a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban taɓa ganin Baba ya zauna a ƙasa babu shimfiɗa ba.

Ya ce a hankali, "Inda girman fayil ka zama, sifili nig gani jere. Biyar, shida. Nic ce wanga ba kome cikinai." Ya ɗago ya dube ni. "Sunayen ɗiyan mutane na ciki?"

"Suna ciki, Baba. Har yanzu ba abin da ya taɓa su."

"Har da na garin ga."

"Har da su."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Na ce ya ara mini rajistar kawai in koma, gobe in aiko masa. Ya girgiza kai. Rajista ba ta tafiya ba shi. Ya miƙe, ya wanke hannu da ƙafa a kududdufi, muka yi azahar a gindin ƙiryar, ya cusa jakar da ledarta a cikin riga ta gaba, ya hau bayana. Ko gida bai shiga ya sake kaya ba, saƙo ya bayar a gaya musu.

Da dawowa ba mu yi magana ba sai sau ɗaya. A wurin da na faɗi da safe na rage gudu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bi ta hagu, can ƙasa ta fi ƙarfi." Na bi, muka wuce lafiya. Ina jin kusurwar rajistar tana tokarin bayana duk ramin da muka faɗa.

Tun daga bakin layi na jiyo ƙarar janareto, na yi hamdala a fili. La'asar ta yi sakaliya. Mai gadi na tsugune kusa da shi da jarka, ya ɗaga mana hannu, ya ce mai ya kusa ƙarewa kuma injin ya fara tari. Muka yi salla a gurguje muka shiga.

Baba ya ja kujera kusa da tawa, ya goge hannu a rigarsa, ya buɗe rajistar. Layi tara ne, an kwafe komai: haruffan farkon layi da ke nuna irin ƙofar, mai ita, lambar farko, doguwar lamba mai sifili, sannan suna. Har ranar da aka ƙirƙire su ya rubuta, abin da ba ni da bukata. Na miƙa hannu zan ja littafin gabana, ya riƙe.

"Ba haka aka yi ba. Ni in karanta, kai ka buga. In ka gama, kai ka karanta, ni in duba."

Haka muka yi. Babbar ƙofa ta fara, "bi-ji sifili sifili," in ji shi, kamar mai kiran sunan ɗalibi. Ta zauna. Ƙofofin ɗaki na ɗaya suka zauna. Da muka zo ɗaki na biyu ya karanto sunan, sannan ya karanto lambar, ta ƙare da huɗu.

Na ce, "Biyu, Baba."

"Fuɗu."

"Suna na biyu, lamba biyu. Haka yake ko'ina, ga shi nan cikin waya. Kun tsallake layi na."

Ya sa yatsa ya gangara ƙasa. Sunan ɗaki na huɗu kuma lambarsa ta ƙare da biyu. A ganina magana ta fito fili: tsoho mai raunin ido ya musanya layi biyu. Janareto ya yi wani tari a waje, fitilar ɗakin ta rage haske ta dawo. Raina ya ɓaci, abin da na haɗiye tun safe ya taso.

Na ce, "Baba, don Allah ku bar ni in yi aikina. Idonku ba ya gani, shi ya kawo mu nan tun farko."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in nutse. Bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce, "Gaskiya na, idona ya rage. Shi ya sa nika duba sau ukku. Abin da nig gani shi nir rubuta. Kuma duba, kac ce kowane ɗaki ƙofa biyu gare shi. Ga ta farko, fuɗu. Ga ta biyu, fuɗu. Kuskure guda sau biyu, layi daban-daban?"

Na duba. Haka ne. Duka ƙofofin suna na biyu huɗu suke nunawa, duka na suna na huɗu biyu suke nunawa. Na buɗe jerin da Tsohuwa ke bi in ta tashi, wanda ke gaya mata wane suna za ta yi me da shi. Suna na biyu shi ne na wucin gadi, inda take rubutu tana gogewa ba ta dubawa. Suna na huɗu shi ne na yara.

Ban yarda da shi ba tukuna, amma na daina yarda da kaina. Na ƙera wata ƙofar gwaji da sunan banza, na ba ta lamba biyu, na ce a leƙa mini abin da ke ciki, karatu kawai ba taɓawa. Da fari tarkacen alamomi ne. Sai kalmomi suka fara fitowa a allo. Sunayen ƙauyuka, sunayen uwaye, kwanan wata. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya sa yatsa a kan wata kalma. Fakku.

Ɗaki mai lamba biyu shi ne na yaran. Wanda ya kafa injin tun can, ko da gangan ko da wani dalili nasa, bai bi jeri ba. Da na bi abin da na gani a waya, da na ɗaura sunan wucin gadi a ƙofar yara, kuma da zarar an kunna ta, Tsohuwa za ta hau rubutu a kansu da kanta. Baba ƙofa kawai ya cire. Ni ne na kusa rushe ɗakin.

Na juyo na ce, "Baba, ku yi haƙuri. Ku gafarce ni."

Ya ce, "Buga, Injiniya, mai na ƙarewa. Sifili, sifili, sifili, sifili, sifili, fuɗu."

Muka gama tara. Na karanta ya duba, ya kama ni da harafi ɗaya a layi na bakwai, na gyara. Na share ƙofar gwajin, shi kuma sai da ya sa na tsaya ya rubuta ta tukuna. Na buga umarnin duba lafiya, rukunin ya bayyana, ɗaki huɗu, kowanne da girmansa. Na jingina da kujera, na ce mu bar ta haka.

Ya ce, "Ka tabbata za ta tashi?"

"Ina zato."

"To kashe ta yanzu, muna nan, littafi na buɗe. Kada ta mutu ranar da ba ni nan."

Ban so ba, amma ya fi ni gaskiya. Na sallami ma'aikatan da suka rage, na ba ta umarnin rufewa. Gurnanin da na saba ji shekara biyu ya yi ƙasa ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Baba ya ce bisimilla, na danna. Tsohuwa ba ta gaggawa wajen tashi, tana ƙirga kayanta ɗaya-ɗaya. Na ji leɓensa na motsi a gefena. Layuka suka yi ta hawa, ta nemi rukunin tushe ta samu, ta buɗe ɗaki na ɗaya, na uku, na wucin gadi, na yara. Sai ta tsaya tana tambayar sunan mai shiga, kamar ba abin da ya faru. Na shiga na nemo yaro na ƙarshe da aka rubuta da safe. Yana nan.

Baba ya sauke numfashi, ya ciro biro daga aljihu. A gurbin ƙarshe na shafin, wurin bayani, ya rubuta "an mayar" sau tara, ɗaya a gaban kowanne, bai yarda ya ja alamar maimaici ba. Ya sa hannu, ya miƙo mini in sa a matsayin shaida. Na ce masa maganar ta tsaya a ɗakin nan, Hajiya ba ta san komai ba, takardar da ya bar mini kuma na riga na yaga ta. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. Na karɓi biron, kafin in sa hannu na rubuta a ƙasan shafin cewa ni na ba da kalmar sirri, ni na ce a share fanko ban faɗi wuri ba. Ya karanta, ya ce rubutuna har yanzu kamar tafiyar kaza yake. Washegari kafin in iso ya riga ya shiga wurin Hajiya da littafinsa. Ni ta kira daga baya, ta yi mini wankin babban bargo a kan na'urar kaset, kuma na cancanta. A makon aka gyara ta.

Ranar da zai tafi aka yi ɗan taro a harabar ofis, aka jera kujerun roba, aka kawo lemo da ƙosai. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Hajiya ta tashi ta yi jawabi, ta faɗi haƙurinsa da riƙon amanarsa, sannan ta ce, tana kallonsa, "Shekara talatin da ɗoriya, takarda ko ɗaya ba ta ɓata a hannunsa ba." Ta san abin da ya faru, da saninta ta faɗa, kuma a wurina gaskiya ta faɗa. Aka fara tafi.

Sai Baba ya ɗaga yatsa, irin na ɗalibi mai neman izini. Tafin ya tsaya.

"Tara, Hajiya," in ji shi. "Tara niɓ ɓatar. Suna cikin littafi." Ya juyo ya nemo ni da ido a bayan mutane. "Ɗana ya maido su."

Bai ce Injiniya ba. Na sunkuyar da kai, na yi kamar hayaƙin janareto ne ya shiga mini ido, alhali ranar rana ta fito, ba wanda ya tayar da shi. Da aka watse ya kira ni gefe, ya ciro rajistar daga jaka ya ɗora mini a hannu tare da rular. Ya ce saura shafi goma sha ɗaya, in ja layin a miƙe.